Kafin A Ara Wa Bishiya Baki

A watan Yulin 2019 wata bishiya a jihar Massachusetts ta Amurka ta fara aika saƙo a Twitter. Irin wadda Turawa ke kira jan oak ce, ta haura shekara ɗari a duniya, tana tsaye a dajin bincike na Jami'ar Harvard da ke garin Petersham. Takan ba da labarin zafin da aka sha jiya, ta faɗi matsayinsa cikin ranakun da ta taɓa gani. Wata rana ta ce ga yadda jikinta ya ƙaru, wata rana ta saka hoton rassanta. Dubban mutane suka riƙa bin ta. Labari ne mai daɗin ji, don haka ba abin mamaki ba ne idan 'ya'yanmu masu karatun kimiyya da kwamfuta suka ji shi suka ce su ma sai sun yi wa wata kuka ko tsamiya irin haka. Sha'awar abar yabo ce. Abin da ke damun wanda ya daɗe yana kallon irin waɗannan ayyuka shi ne inda yaran ke kama zaren. Daga baki suke farawa, alhali bakin shi ne abu na ƙarshe da aka ɗora wa waccan bishiya.

Tun 1907 aka kafa wannan daji don bincike. Shekaru da dama ana rubuta zafi da sanyi da yawan ruwan sama na wurin, rana bayan rana. Akwai wani masani a can, John O'Keefe, wanda tun 1990 yake zaga hanya ɗaya da ƙafa, da takarda da fensir, yana duba bishiyoyin da ya yi wa lamba, yana rubuta ranar da kowace ta yi toho da ranar da ganyenta ya sake launi ya zube. Wata 'yar jarida daga Seattle, Lynda Mapes, ta zo ta yi shekara guda tana bibiyar wannan oak ɗin kaɗai, ta rubuta littafi a kanta wanda ya fito a 2017. Sai bayan duk wannan ne wani mai bincike, Tim Rademacher, ya rubuta manhajar da ke karanta alƙaluman na'urorin awo ta zaɓi saƙon da ya dace, da taimakon Clarisse Hart mai kula da wayar da kan jama'a a dajin, wadda ta sa hannu a tsara jimlolin. Saboda haka idan bishiyar ta ce ta tuna wani zafi, ma'anarsa akwai wani kundi da mutane suka cika da hannunsu tun kafin a haifi yawancin masu karanta saƙon.

Ga yadda abin yakan kasance a wurin ɗan da ya yi gaggawa, kuma mai wannan rubutu ya ga irinsa fiye da sau ɗaya. Yaro mai kaifin basira ya yi tanadi ya sayi 'yar na'urar auna danshin ƙasa ta intanet, ya soke ta a gindin darbejiyar da ke ƙofar ajinsu, ya haɗa da batir da ƙaramin farantin sola. Daren ranar ya buɗe wa bishiya shafi, ya yi mata suna mai ban dariya. Kashegari darbejiya ta ce ƙishirwa take ji, abokai suka yi ta yaɗawa, har wasu suka zo da bokiti. Sati uku shafi yana tashe. Daga nan hazo ya sauko, ƙura ta rufe farantin sola, akuya ta ja waya, jarrabawa ta matso. Babu wanda ya tambayi yaron wata tambaya mai sauƙi: na'urar nan danshin tafin hannu ɗaya na saman ƙasa take aunawa, ita kuwa darbejiya saiwarta ta yi nisa a ƙasa, to ta yaya aka san tana jin ƙishirwa? Yaron bai yi niyyar ƙarya ba. Ya dai sa bishiya ta faɗi abin da na'urarsa ba ta sani ba.

Gyaran wannan ba shi da wuya, sai dai yana son zama a fahimci abin da kowace na'ura ke gani. A ɗauki wadda ake maƙala wa a jikin ɓawo don auna kaurin bishiya. Wani ɗan tsinken ƙarfe ne da ke taɓa ɓawon, yana jin motsin da bai kai kaurin gashin kai ba. Wanda ya fara duba alƙalumanta yakan firgita, domin zai ga bishiya tana tsukewa da rana. Haka ne kuwa. Da hantsi ganye yana fitar da ruwa zuwa iska fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, sai bishiya ta ranto daga ajiyar da ke jikinta, gangar jiki ta ɗan motse. Da dare a biya bashin, ta sake kumbura. A 2021 Roman Zweifel da abokan aikinsa a Suwizalan suka fitar da sakamakon awon bishiyoyi 170 na iri bakwai a wurare 50, awon kowace awa na tsawon shekaru har takwas, suka nuna cewa yawancin girma na gaskiya da dare ake yin sa, musamman bayan tsakar dare lokacin da iska ta fi danshi. To matashin da ya ga tsukewar azahar ya sanar wa duniya cewa bishiya na mutuwa, ko ya ga kumburin bayan ruwan sama ya ce ta yi girman ban mamaki a dare ɗaya, ya karanta numfashi ne ya kira shi ciwo.

Na'urar auna hawan ruwa a cikin itace ta fi wannan rikici, kuma a nan ne yankinmu na Sahel ya shigo labarin da kansa. A 1985 wani Bafaranshe, André Granier, ya fito da dabara mai sauƙi. Allurai biyu ake sokawa a jikin bishiya, ɗaya sama da ɗaya. Ta sama ana ɗumama ta da lantarki, ta ƙasa a bar ta haka. Idan ruwa yana hawa da sauri yakan kwashe zafin ta sama, tazarar zafi tsakanin alluran ta ragu. Idan ruwa ya tsaya, tazarar ta ƙaru. Daga wannan ake lissafa lita nawa bishiya ta sha. Dabarar ta yi aiki a dazuzzukan Turai masu inuwa. Da aka kai ta arewacin Sanagal aka soka a jikin wata ƙaya dangin bagaruwa da ke tsaye ita kaɗai a fili, sai rana da ƙasa mai zafi suka riƙa gasa gangar jikin ba daidai ba, alluran suna ba da bambancin zafi ko ba a kunna su ba. Frédéric Do da Alain Rocheteau suka yi nazarin wannan matsala, a 2002 suka ba da shawarar a riƙa kunna zafin ana kashewa bi da bi, don a iya ware abin da rana ta jawo daga abin da ruwa ya jawo. Manyan masana ke nan, da kayan aiki masu tsada, suka tarar na'ura na yi musu ƙarya saboda an sauya mata ƙasa. Ɗan da ya sayo tasa da rahusa, aka ƙera ta a inda ba a san hazo ba, ya kamata ya fi su tuhumarta. Ya gwada ta da abin da ya riga ya san amsarsa, ya lulluɓe ta daga rana, ya riƙa zuwa yana dubawa da ido. Gani ya kori ji, ko da na'ura ce ta kawo jin.

Sai kuma gawo.

Duk manomin Maraɗi ko Damagaram ko Daura ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowa ya yi kore shar, shi yakan zubar da ganye ya tsaya tsirara, da rani, lokacin da kowa ya bushe, sai ya yi lif. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, ba ya tare masa rana, ga takin ganye da na dabbobin da suka sha inuwarsa. Olivier Roupsard da abokansa sun auna shi a Burkina Faso, a 1999 suka nuna cewa saiwarsa na kaiwa ga ruwan can ƙasa mai zurfi, da shi yake riƙe ganye da rani. A yau ma akwai tashar awo a Niakhar ta Sanagal da ke bibiyar gonakin gawo dare da rana. Yanzu a ɗauka wata 'yarmu mai hazaƙa ta kwafo manhajar da aka rubuta wa bishiyar Amurka, wadda aka koya wa cewa zubar ganye alamar sanyi ce ko fari, ta ɗora wa gawon gonar kakanta. A tsakiyar Agusta, ruwa na zuba, gawo zai fito a shafi yana kukan wahala. Mutanen birni za su tausaya masa. Kakan kuwa dariya zai yi, kuma daga ranar ba zai sake yarda da wayarta ba. Da ta zauna da shi awa ɗaya kafin ta rubuta layin farko, da ya ba ta abin da babu shi a manhajar. Matambayi ba ya ɓata, kuma a harkar bishiya mutanen da suka fi cancanta a tambaya sau da yawa ba su da shafi a ko'ina.

Wani tarkon shi ne a ɗauki bishiya ɗaya a matsayin wakiliyar daji. Masu aikin TreeWatch, wanda Kathy Steppe ta Jami'ar Ghent a Beljiyam ta jagoranta, sun gane haka, shi ya sa suka haɗa bishiyoyi a Beljiyam da Jamus da Holan cikin tsari guda, don a riƙa kwatanta yadda kowace ke fama da rana ɗaya a ƙasa daban. Bishiyar da ke bakin kwata ko kusa da famfon makaranta ba ta san farin da 'yar'uwarta ta bayan gari ke sha ba. Haka nan zafin yini ɗaya bai isa a kira shi sauyin yanayi ba. Sai an jera shi da na shekaru masu yawa kafin ya zama magana. Wanda yake son hoton yanki duka, akwai wata hanyar. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Copenhagen da abokansa suka ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel daga hotunan tauraron ɗan'adam, a fili mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3, inda da yawa suka ɗauka babu komai sai rairayi. An yi ta yabon kwamfutar da ta yi ƙirgen. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin ta iya, sai da Brandt ya zauna ya zagaye kusan bishiyoyi 90,000 da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mata abin da ake kira bishiya.

Kada wannan ya sa wani yaro ya ɗauka ara wa bishiya baki laifi ne. Dabara ce mai kyau, kuma tana aiki. A 2013 hukumar birnin Melbourne a Ostareliya ta ba bishiyoyinta sama da 70,000 lamba da adireshin imel, da nufin jama'a su riƙa kai rahoton reshen da ya karye ko wadda ke bushewa. Sai mutane suka ɓige da rubuta wa bishiyoyin wasiƙun ƙauna da gaisuwa da godiya, har daga wasu ƙasashe. Wannan ya nuna cewa zuciyar ɗan'adam a shirye take ta saurari bishiya, abin da jadawalin alƙaluma ba ya samu. Mu da muka tashi da tatsuniya, inda gizo da ƙoƙi ke magana kowa ya san wasa ne amma darasin gaske ne, ba baƙin wannan salo ba ne. Sharaɗin kawai shi ne mai sauraro ya san inda wasa ya tsaya. A rubuta a saman shafi wane ne ke bayan muryar, wace na'ura ce, me take aunawa. Idan bishiya ta ce ta sha lita kaza, a iya nuna lissafin ga duk wanda ya nema. Idan batir ya mutu kwana huɗu, a ce ya mutu, kada a cike gurbin da ƙiyasi don shafi ya yi kyau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a harkar kimiyya wanda aka kama sau ɗaya, har gaskiyarsa ta baya sai an koma an tuhuma.

Akwai kuma batun gidan da ake ajiye maganar. A farkon 2023 Twitter ya sanar da rufe ƙofar kyauta da manhajoji ke bi su aika saƙo da kansu, shafuka masu yawa irin waɗannan suka yi shiru ko suka shiga neman mafita. 'Yan Najeriya ma ba sa buƙatar a ba su labari, domin daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da dandalin a ƙasar baki ɗaya. Wanda duk tarihin bishiyarsa yana cikin saƙonnin da ya wallafa, ranar da aka rufe ƙofa ya tashi a tutar babu. Zanen aro ba ya rufe katara. Alƙaluma su zauna a littafi da kwamfuta da wani wuri na uku, dandali kuwa ya zama kasuwar da ake kai samfuri. Kuma a tuna cewa manomin da ya fi buƙatar labarin wataƙila ta rediyo zai ji shi, ko ta saƙon murya a WhatsApp, da Hausar da babu kalmar da sai an fassara masa.

Suna ma yana da nasa haɗari ga bishiyar kanta. A 2006 aka gano wata bishiya a arewacin California da ta haura mita 115, wadda ba a san wata mai rai da ta kai ta tsawo ba, aka sa mata suna Hyperion. Masana suka ɓoye inda take. Masu yawon daji suka bi diddigi suka yaɗa hanyar a intanet. Jama'a suka yi ta tururuwa ta inda babu turba, suka tattake tsirran da ke gindinta, suka bar shara. A 2022 hukumar gandun dajin da take ciki ta hana zuwa wurin, tare da gargaɗin tarar da za ta iya kaiwa dala 5,000 da ɗaurin wata shida. A wurinmu abin tsoron ya ɗan bambanta: mai gawayi ne, da mai neman ɓawo da saiwar magani, da ɓarawon farantin sola. Yaron da ya saka hoton wani tsohon marke ko maɗaci a daji tare da ainihin inda yake, bai san wa ya yi wa jagora ba. Sannan bishiya tana da mai ita. Kafin a huda jikinta a soka allura, a nemi izinin mai gona ko mai unguwa ko shugaban makaranta, a yi masa bayanin abin da wayoyin ke yi. In ba haka ba, za a wayi gari an tsinke su, an ce wani ne ya yi binne-binne.

Su ma na'urorin gadin daji sai da mutane suke aiki. Wani mai suna Topher White ya fara rataye tsofaffin wayoyin hannu a saman bishiyoyi a Sumatra ta Indonesiya a 2013, suna sauraron ƙarar injin yankan katako suna aika gargaɗi. Sun yi amfani ne domin akwai masu gadi a ƙasa da za su tashi su nufi wurin. Ƙararrawar da babu mai amsa ta, damun tsuntsaye kawai take yi.

To wanda ba shi da kuɗin na'ura fa? Shi ne ma ya fi kusa da inda ya kamata a fara. A birnin Kyoto na Japan, fadawa da masu hidimar wuraren ibada sun riƙa rubuta ranar bikin furen wata bishiya tasu a littattafan ajiyar tarihi. Wani masani, Yasuyuki Aono, ya bi waɗannan rubuce-rubuce ya jera su har zuwa shekara ta 812. Da wannan jeri ne aka iya cewa cikar furen ranar 26 ga Maris 2021 ta riga duk wadda aka taɓa rubutawa kafin ita cikin shekaru sama da 1,200. Babu ɗaya daga cikin marubutan farko da ya san yana aikin kimiyyar yanayi. Kwanan wata kawai suka rubuta, suka kuma rubuta shi daidai.

Abin da ɗa ko 'yar da ke karanta wannan ke buƙata a yau bai wuce tef ɗin tela ba, da ɗan fenti, da littafi mai bango mai ƙarfi. A zaɓi bishiyoyi biyar ko goma, kada su zama iri ɗaya duka, kada kuma su zama a wuri ɗaya. A auna mita 1.3 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin babban mutum, inda masu aikin gandun daji ke awo, a shafa fenti a wurin don tef ya riƙa komawa kan layi ɗaya. A auna kewaye sau ɗaya a wata, da sassafe, kafin rana ta fara tsotse jikin. Tef ba zai ga tsukewar azahar ba, amma zai ga abin da damina ta ƙara da abin da rani ya hana. Sau ɗaya a mako a tsaya a wuri ɗaya a ɗauki hoto da waya, a rubuta ko akwai toho, ko fure, ko 'ya'ya, ko an sassabe reshe don dabbobi. Ranar da aka yi ruwan farko a rubuta. Ranar da ba a je ba, a rubuta ba a je ba. Bayan damina biyu, mai wannan littafi zai san tambayar da yake son na'ura ta amsa masa, kuma zai gane ta ranar da ta fara shirme. A lokacin ne kuɗin sayenta ba zai tafi a banza ba, a lokacin ne kuma shafin zai sami abin faɗa wanda ba na aro ba.

Saura abu ɗaya da ɗalibai ke mantawa, shi ne cewa za su gama makaranta su tafi, tsamiyar kuwa tana nan. Tun a shekarar farko a jawo wani ƙane ko ƙanwa daga ajin baya, a riƙa zagayen tare, ya koyi yadda ake riƙe tef kada ya karkace. A bangon littafin a rubuta sunan kowace bishiya da inda take, da tsawon da aka shafa fenti, da ranar da aka fara, da malamin da za a bar wa littafin idan an tafi hutu.